Cutar Mantuwa: A Gaya Wa Tsoho Ko A Rufe?

Kawuna ɗan kasuwar doya ne a Lafia. Ya fi shekara talatin yana loda motoci zuwa Kano da Legas, bai taɓa riƙe littafin lissafi ba. Komai a ka yake: wa ya ɗauki ƙwarya nawa, wa ya biya rabi, wa ya ce sai bayan salla. Ranar da ya biya 'yan dako kuɗinsu sau biyu, yaran kasuwa sun ɗauka alheri ne. Bayan 'yan watanni ya idar da La'asar, ya shafa addu'a, ya miƙe ya sake alwala yana cewa lokaci zai fita. Wata rana da magariba kuma ɗan acaɓa ya kawo shi gida, ya ce a bakin titin Jos ya gan shi yana tambayar hanyar unguwar da ya shekara arba'in a cikinta.

Muka kai shi asibiti. Da aka gama gwaje-gwaje, babbar 'yarsa, wadda duk muke kira Yaya, ta bi likita har bakin ƙofa ta yi ƙasa da murya: "Likita, don Allah duk abin da ka gani mu za ka gaya wa. Kada ka faɗa a gaban Baba." Aka gaya mana a tsaye a baranda, shi kuma muka ce masa hawan jini ne da gajiya. Ina cikin waɗanda suka goyi bayan Yaya a ranar. Yau ra'ayina ya sauya, kuma ina so in bi maganar daki-daki, domin gidaje da yawa a Lafia da Doma da Akwanga da ƙauyukan da ke kewaye suna tsaye a irin wannan baranda.

Sai mu fara da cutar kanta. Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyinta ke lalacewa sannu a hankali har tunani da magana da iya gudanar da harkar yau da kullum su raunana. Tsufa kaɗai ba ya kawo haka. Kowa ya san tsohuwa mai shekara casa'in da za ta lissafo maka dangi kaka da kakanni ba tuntuɓe. Tsoho mai lafiya zai manta sunan jikansa, ya tuno kafin ya shanye kununsa. Mai wannan cuta kuwa zai ci tuwo ya wanke hannu, bayan minti goma ya ce tun safe ba a ba shi komai ba, kuma har ga Allah abin da ya sani ke nan yake faɗa. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Alzheimer, da sunan likitan Jamus Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya bayyana halin wata mata da ya fara dubawa a Frankfurt tana da shekara 51. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan nau'i shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar. Akwai kuma nau'in da toshewa ko fashewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa, wanda ke bin bayan hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai.

Hukumar ta ƙiyasta masu cutar a duniya sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. A nan gida, wani dogon bincike da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka, ya sami cutar a kashi 2.29 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan. Wani da aka yi a Jos, maƙwabtanmu, aka buga a 2006, ya sami kashi 6.4. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, duk unguwar da ke da tsofaffi ɗari tana da biyu ko uku.

To, me ya sa iyali ke rufewa? Ba na son a yi wa masu jinya rashin adalci a nan, domin dalilansu na ƙauna ne. Akwai kara. A tarbiyyarmu ɗa ba ya duban idon mahaifinsa ya ce masa kansa ya taɓu. Ko baƙin labari na mutuwa ma zagaye-zagaye ake yi kafin a kai ga faɗa. Akwai tsoron kada zuciyarsa ta karye ya daina cin abinci, ciwon ya ci shi da wuri. Akwai masu cewa tun da babu maganin da ke warkarwa, mene ne amfanin ɗora masa nauyi? Sai kuma babban dalilin da ba a cika furtawa ba: suna. Da zarar an ambaci ƙwaƙwalwa, kunnen mutane hauka yake ji, kuma gidan da ke da 'yan mata a gabansa ba ya son a ce akwai hauka a zuriya. Na ji wata mai jinyar mijinta tana cewa, "Ko na gaya masa, kafin Azahar ya manta. In sa shi kuka a banza?" Wannan tambaya ce mai nauyi, zan dawo kanta.

Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai. A 1996 wasu likitoci a Dublin, babban birnin Ireland, suka tambayi dangi 100 na masu cutar Alzheimer ko ya kamata a gaya wa majinyacinsu. Mutum 83 suka ce a'a. Da aka juya tambayar aka ce, to in ku ne cutar ta kama fa, sai 71 suka ce su dai a gaya musu. Wato mutum ɗaya yana hana uwarsa abin da yake nema wa kansa. Na gwada wannan tambaya a kan Yaya shekara biyu bayan rasuwar Kawu. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "In ni ce, ku gaya mini. Ina da adashin mutane a hannuna."

Su majinyatan fa, me suke so? A Nottingham ta Ingila, wani bincike da aka buga a 2003 ya tambayi masu cutar da ke matakin farko, kashi 92 cikin 100 suka ce suna son a sanar da su. Wani kuma a St. Louis ta Amurka, a 2008, ya auna halin majinyata da masu rakiyarsu kafin a faɗi sakamako da bayan an faɗa. Baƙin ciki bai ƙaru ba, damuwa ma raguwa ta yi. Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya zauna da mai cutar. A farkonta mutum ya san wani abu na faruwa da shi. Yana ganin yadda ake yin shiru in ya shigo ɗaki, yana ganin an karɓe makullin mota ba bayani. Wani dare ina zaune da Kawu a zaure, ya kamo hannuna ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, me ke damuna? Ko sammu aka yi mini?" Na ce, "Ba komai Kawu, tsufa ne." Ya saki hannuna bai ƙara magana ba. Daga baya ya fara zargin ƙaninsa da abokin cinikinsa, aka yi ta kai kuɗi wurin masu magani, zumuncin shekaru ya yi tsami. Gurbin da muka bari babu bayani, zato ne ya cike shi.

Likitoci ma sun bi ta wannan hanya a kan ciwon daji. A 1961 kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin da aka tambaya a Amurka sun ce ba sa gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa; a 1979 kashi 97 suka ce suna faɗa. Cutar mantuwa ta fi jinkiri a wannan tafiya, duk da cewa tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan ya rubuta wa mutanen ƙasarsa wasiƙa a watan Nuwamban 1994 ya sanar da su tana jikinsa. Na san waɗancan ƙasashe ne inda mutum ke yanke shawarar jinyarsa shi kaɗai, mu kuwa ciwo na gida ne gaba ɗaya. Wannan bambanci yana sauya yadda za a faɗa da waɗanda za su zauna a wurin, amma bai kai ya fitar da mai ciwon daga ɗakin ba.

Dokar ƙasa ma tana gefen majinyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, sai fa in akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cutar da shi. Ta kuma nemi a yi masa bayani da harshen da yake ji, gwargwadon fahimtarsa. Wannan na da muhimmanci a Lafia, inda Hausa ce harshen kasuwa amma a gida akwai Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi. Mai cutar mantuwa sau da yawa harsunan da ya koya daga baya ne ke fara kuɓuce masa, ya koma ga wanda ya sha a nono. Dokar ta kuma ɗauki labarin ciwon mutum sirrinsa ne. Idan aka duba da kyau, abin da muka saba yi ya juye tsarin: kowa a gida ya sani, har surukai, ban da mai sirrin.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da rufewa ke cinyewa. Cutar tana tafiya mataki-mataki, kuma a farkonta akwai watanni, wani lokaci shekaru, da mutum ke iya fahimtar magana da yanke shawara. Wannan dama ba ta dawowa. A cikinta ne zai faɗi wanda yake bi da wanda ke binsa, ya mayar da amanar da aka ba shi ajiya, ya taka da 'ya'yansa ya nuna musu iyakar gona a gaban shaidu, ya fito da takardun fili, ya zaɓi wanda zai riƙa karɓar masa fansho da kula da asusun banki. A fikihu wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma tana bukatar mai yin ta ya san abin da yake faɗa. Kotu ma hankalin mai barin wasiyya take dubawa. In an jira har ciwo ya yi nisa, duk abin da ya sa wa hannu ya zama abin jayayya tsakanin 'yan uba. A cikin wannan dama ne kuma zai ce ko ya fi son zama a ɗakinsa cikin maƙwabtan da ya sani, ko a kai shi gidan ɗansa a Abuja, domin sauya wa mai cutar wuri yakan ƙara masa ruɗewa. Mai niyyar Umara ya yi ta tun ƙafa da kai na tare. Mai son neman gafarar wani ya aika a kira shi.

Akwai kuma sauƙin da sani ke kawowa ta fuskar ibada. Kawu ya sha kuka a kan raka'o'in da ke rikice masa, yana ganin Allah ne ya juya masa baya. Da an gaya masa ciwo ne, aka kawo malaminsa ya shaida masa cewa ba a kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa nauyin salla da azumi, da ya sami natsuwa. Haka dattijon coci da addu'o'in da ya haddace tun yarinta ke ɓace masa, kalmar fastonsa za ta yi masa wannan amfani.

Yanzu ta yaya ake faɗa? Kafin komai a tabbatar. Ruɗewa ba duka ce cutar mantuwa ba. Ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, matsanancin baƙin ciki, ciwon fitsari, wasu magunguna, ko taruwar jini a ka bayan faɗuwa, duk suna iya rikita tsoho, kuma yawancinsu ana magance su. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ta gaggawa ce, a garzaya asibiti a ranar. Mutanen Lafia suna da asibitin da aka fi sani da Dalhatu Araf a kan titin Shendam, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A tafi da wanda ke kwana da tashi da majinyacin, domin labarinsa rabin bincike ne.

Idan an tabbatar, sai a fara da tambayar mai ciwon, ba da jawabi ba. Likita zai iya cewa, "Baba, kai me ka lura da shi a jikinka kwanan nan?" Amsarsa za ta nuna iyakar abin da ya riga ya gane. Sai a biyo da, "Mun duba mun ga abin da ke kawo wannan mantuwa. Kana so in yi maka bayani, ko akwai wanda ka fi so in gaya wa?" Wannan tambaya ita ce ginshiƙin al'amarin duka. Wani dattijo zai ce, "Gaya mini, ni ba yaro ba ne." Wani zai ce, "Ka yi magana da babban ɗana, abin da ya yanke ya yi." Na biyun ma ya yi amfani da haƙƙinsa, kuma ba a tilasta masa ji. Bambancinsa da abin da muka yi wa Kawu shi ne, shi ya zaɓa da bakinsa.

Ga wanda ya ce a faɗa, kalmomi na da tasiri. A guji hauka da taɓin hankali. A ce ciwo ne da ya kama ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe abubuwa, kamar yadda suga ke kama wani, ba laifinsa ba ne, ba aikin wani ba ne, kuma yakan ƙaru a hankali. In ya nemi sunan ciwon a faɗa masa. A zaɓi safiya, domin masu cutar sun fi rikicewa da yamma. Mutum biyu ko uku da ya yarda da su sun isa, kada a tara masa gida kamar zaman rabon gado. Kada kuma a juye masa komai a zama ɗaya; a ba shi abin da zai iya ɗauka, a tsaya, a bar shi ya yi shiru ko ya yi hawaye, a dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Kuma kada a tashi ba a faɗi abin da za a yi ba. Akwai magunguna irin su donepezil da memantine, ba sa warkarwa, amma sukan sassauta alamomin ga wasu na wani lokaci. Riƙe hawan jini da suga, gyara ji da gani, tafiya a ƙasa, zama cikin jama'a, duk suna taimakawa. Abin da tsoho ya fi bukatar ji a wannan zama shi ne, "Baba, muna tare da kai, ba za mu bar ka ba." A makonnin da ke biyo baya a sa masa ido, in ya ƙaurace wa abinci da mutane, ko ya fara maganar gara ya mutu, a koma wurin likita ba jinkiri.

Sai tambayar matar nan mai cewa kafin Azahar ya manta. Idan ciwo ya yi nisa har mutum ba ya riƙe labari, tana da gaskiya. Maimaita masa baƙin labari kullum sabon rauni ne, kuma babu shawarar da zai iya yankewa da shi. A wannan mataki abin da ake bi shi ne halin da yake ciki a lokacin. In ya tambayi me ke damunsa, a ce mantuwa ce ke wahalar da shi kuma ana kula da shi. Gaskiya ce, kuma ta ishe shi. In ya nemi matarsa da ta rasu shekara goma, ba dole a sake yi masa sanarwar mutuwa ba. A ce, "Kana kewarta ko, Baba? Ba mu labarinta." Sau da yawa abin da yake nema ke nan. Amma a lura: gidaje da yawa suna kafa hujja da wannan mataki na ƙarshe alhali majinyacinsu yana na farko, ko kuma jinkirinsu ne ya kai shi na ƙarshen ba a faɗa ba.

Masu jinya su ma suna da rabo a cikin faɗin gaskiya. Yawanci mace ce ke ɗauke da nauyin, mata ko 'ya ko suruka, kuma ita ce ke shan zargi. Tsohuwa za ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ta manta, ta ce surukarta ta sace. Dangin da ke zuwa ziyara sau ɗaya a wata su gaskata. Inda aka san sunan ciwon, irin wannan magana ba ta raba aure. Haka a waje: tsohuwar da aka tsinta da asuba a ƙofar gidan wasu, ba ɗankwali, tana maganar da ba kai, a wurare da dama a ƙasar nan maita ake jefa mata, wasu har duka. In mai unguwa da limami ko fasto da maƙwabta na kusa sun san ciwo ne, hannunta za a kama a mayar da ita gida. Amma sanar da na waje ma, in dai majinyacin na iya ba da izini, da izininsa ya kamata a yi. Ƙaramar takarda mai lambar waya a aljihun riga ko a ɗinke a bakin zane ta dawo da tsofaffi da yawa.

Kawu ya rayu shekara huɗu bayan ranar baranda. A shekara ta farko da rabi yana iya ba ka lissafin cinikin da ya yi tun zamanin soja, amma ba wanda ya zaunar da shi ya ce ya faɗi na yanzu, domin yin haka zai tona abin da muke rufewa. Bayan sadakar bakwai mutane suka fara sallama. Wani manomi daga wajen Assakio ya ce yana bin kuɗin ƙwarya goma sha biyu. Ba takarda, ba shaida, muka biya. Waɗanda Kawu ke bi kuwa mutum biyu kacal suka zo da kansu. Da aka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, aka sami ƙulli uku na kuɗi, kowanne a ɗaure da tsumma daban, ɗaya da 'yan kunnen zinare a ciki. Ajiyar mutane ce, kowa ya san Kawu da riƙon amana. An yi cigiya a masallaci da kasuwa, mai ɗaya ya fito. Sauran biyun har yau suna hannun Yaya.